Ayar Lahadi, tiyar Litinin

Ran wata Lahadi ta tsakiyar damana, a wata majami'a ta jahar Maraɗi wadda ba zan ambaci sunanta ba, da aka kai lokacin ba da shaida sai wani dattijon ikkilisiya ya miƙe, ya gyara babbar rigarsa, ya ce yana so jama'a su taya shi gode wa Ubangiji. Da kaka, in ji shi, ya sayi hatsi da arha ya cika mangaza, ya ɗora hannu a kan ƙofar ya yi addu'a. Ga shi yanzu Allah ya amsa, farashi ya hau, ya sayar ya ci riba mai kauri, ya kuma kawo zakkarsa cif. Majami'a ta ɗauka da Amin, mata suka rangaɗa guɗa, fasto ya sa masa albarka. Layi uku a bayansa akwai wata gwauruwa wadda gonar marigayin mijinta ke hannun wannan dattijo jingina, a kan buhun hatsi biyu da ta karɓa bara don ta ciyar da marayunta. Ita ma ta ce Amin.

Wannan Amin tata ce ta hana ni barci, ita ce kuma ta sa na ɗauki alƙalami.

Na san wasu ƴan'uwana masu bi za su ce: don me za ka shanya tsummanmu a jaridar siyasa, a ƙasar da ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna ba mu kai ko kashi 1 cikin 100 ba, alhali ba mu manta da majami'un da aka ƙona a Damagaram da Yamai cikin watan Janairu na 2015 ba? Ban manta ba, kuma ba ni da niyyar miƙa wa kowa ashana. Amma tun daga Taron Ƙasa na 1991 muka koyi cewa ciwon da aka ɓoye shi ke kashe mai shi. Mun tuhumi ministoci a waɗannan shafuka, mun tuhumi ƴan majalisa, mun tuhumi manyan ƴan kasuwa. Da wane ido za mu ce a tsallake mu? Na kuma san cewa manyan masu riƙe da kasuwar cimaka a ƙasar nan ba Kirista ba ne, kuma malaman Musulunci suna da nasu hujjoji masu ƙarfi a kan riba da tauye mudu da ɓoye abinci. Wannan aikinsu ne, su ji da nasu. Ni da gidanmu nake. Ƙanƙantar rabonmu cikin laifi ba ta wanke mu, domin ɓarawon akuya ba ya kuɓuta don an samu wanda ya saci raƙumi.

Bari mu fara da yadda abin yake tafiya, don mutanen birni da suka manta. Da kaka manomi yana da hatsi, ba shi da kuɗi. Ga bashin bara, ga haraji, ga kuɗin lakwal, ga suna, ga aure, ga magani. Dukansu a wata guda suke sallama. Kowa ya kwaso nasa ya kai kasuwa a lokaci ɗaya, farashi ya faɗi warwas, mai kuɗi ya shimfiɗa buhuna ya auna. Watanni suna tafiya, rumbu yana ƙasa. Kafin Yuli da Agusta, daidai lokacin da noma ke bukatar ƙarfin jiki, rumbu ya zama wayam. Sai manomin nan ya koma wajen wanda ya saya masa, ya sake sayen hatsin da ya noma da guminsa a kan farashin da ya fi na da nesa. In ba shi da kuɗi ya ci falle: ya karɓi buhu ɗaya yanzu, ya biya biyu da kaka. Ku yi lissafi da kanku: ninki cikin wata uku ko huɗu, wane banki ne a duniya yake da irin wannan rashin kunya? In ya kasa biya ya ba da gona jingina, ya koma ɗan barema a gonar ubansa. Shekara mai zuwa kuwa ya shiga kaka da bashin da ya fi na bana.

Wanda ke zaton wannan ƙaramar magana ce, ya tuna 2005. A shekarar, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jiyyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, kuma jahar Maraɗi, wadda ake kira rumbun ƙasa, ita ce kan gaba. Fari da fara na 2004 sun rage amfanin gona, gaskiya ne. Amma duk wanda ya shiga kasuwa a wancan lokaci ya ga buhuna a jibge. Hatsi yana nan, kuɗin sayensa ne babu. Shugaba Tandja Mamadou ya ce babu yunwa a ƙasa, muka yi masa ca, muka kuma yi daidai. To amma wa ya tuhumi waɗanda suka riƙe mabuɗan mangaza suna jiran farashi ya ƙara hawa? Haka kuma da takunkumin CEDEAO ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023, aka rufe iyakoki, kayan abinci suka yi tsada, an sake samun masu ganin hawayen talaka a matsayin ruwan da ke shayar da gonarsu.

Yanzu mu buɗe Littafin da dattijon nan ya riƙe a hammatarsa. Ba a harshen Girka ko na Ibrananci yake hannunmu ba. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya da Hausa, aka kuma fito da sabuwar fassara a 1979. Babu mai cewa ba ya ji. Karin Magana 11:26 ta faɗa ƙiri-ƙiri cewa jama'a suna la'antar mai riƙe hatsi, albarka kuma tana kan mai fito da shi ya sayar. Annabi Amos, a sura ta 8, ya zana hoton ƴan kasuwar zamaninsa kamar ya zauna a kasuwar Maraɗi ran Litinin: mutanen da ke ƙosawa ranar hutu ta wuce su buɗe shago, masu rage mudu su ƙara kuɗi, masu haɗa hatsi da ƙaiƙayi, masu sayen talaka a bakin kuɗin takalmi. Ku lura da kyau, mutanen da Amos ya tsine wa masu kiyaye ranar ibada ne. Ba su fashin sujada. Littafin Firistoci 25:35-37 ya hana a ba ɗan'uwan da ya talauce kuɗi da ruwa, ya kuma hana, da sunansa, a ba shi abinci don neman riba. Maimaitawar Shari'a 24:6 ta hana karɓar dutsen niƙa jingina, don wanda ya karɓe shi ran mutum ya karɓe. In dutsen niƙa rai ne, gonar gwauruwa fa mene ce?

Akwai kuma Nehemiya sura ta 5, wadda ban taɓa jin an yi wa'azinta da damana ba. Yunwa ta faɗa wa Yahudawan da suka komo daga bauta. Talakawa suka jinginar da gonakinsu da gidajensu don su sami hatsi, har ƴaƴansu mata suka shiga bauta a hannun ƴan'uwansu. Me Nehemiya ya yi? Bai ce a rufa asiri don maƙwabta suna kallo ba, ko da yake maƙiya sun kewaye su ta ko'ina. Ya tara babban taro, ya tsawata wa manya a gaban kowa, ya sa suka mayar da gonaki a ranar, ya kira firistoci ya sa aka rantsar da su. Hujjarsa kuwa ita ce daidai wadda ake so a rufe mini baki da ita: tunda maƙiya na kallo, dole a gyara.

To, in nassi ya fito fili haka, yaya aka yi mutum ya tsaya gaban jama'a yana gode wa Allah a kan abin da Allah ya hana, aka kuma amsa masa da guɗa? Amsar ita ce irin karatun da muka koya. Mun mai da Littafi Mai Tsarki kamar buhun gyaɗa: kowa ya zura hannu ya zaɓi ƙwayar da ta yi masa, ya watsar da sauran. Muna cizge aya daga cikin surarta, mu rataya ta a mota ko a ƙofar shago kamar laya, ba mu tambayi wa ya faɗe ta ba, wa aka faɗa wa, a kan wace matsala, me ke gabanta, me ke bayanta. Ga misalai uku da kowane mai zuwa majami'a ya sani.

Na farko, Malakai 3:10, ayar zakka, wadda ko yaran makarantar Lahadi sun haddace: a kawo ushiri a ɗakin ajiya, Allah ya buɗe tagogin sama. Madalla. Amma ayoyi biyar kacal a sama, a 3:5, Allah ya lissafa waɗanda zai yi shaida a kansu ranar shari'a, cikinsu har da masu danne hakkin ɗan ƙwadago da masu zaluntar gwauruwa da maraya. Annabi ɗaya, sura ɗaya, numfashi ɗaya. Wa ya ba mu izinin haddace ta goma mu tsallake ta biyar? Ita kanta zakkar, Maimaitawar Shari'a 14:28-29 ta nuna cewa ta kowace shekara ta uku abinci ce da ake tarawa cikin gari domin Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa su ci su ƙoshi. Ashe dattijonmu ya ƙwace abincin gwauruwa ne, ya gutsuro kashi ɗaya cikin goma ya kawo ma'ajiyar da aka gina domin gwauruwa, yana jiran a yi masa godiya.

Na biyu, maganar shuka da girbi ta 2 Korantiyawa 9:6, wadda masu wa'azin wadata suka mai da jarinsu: ka shuka kuɗi a hannun bawan Allah, ka girbe ninki ɗari. Duk wanda ya karanta sura ta 8 da ta 9 tare zai ga cewa Bulus gudummawa yake tarawa daga ikkilisiyoyin Makidoniya da Akaya domin matalautan masu bi na Urushalima, kuma ya faɗi manufarsa: a sami daidaito, yalwar wannan ta toshe rashin wancan. Ya ma sa aka zaɓi mutanen da za su raka kuɗin, don kada wani ya zarge shi. Ayar da aka rubuta domin cika cikin mayunwata, ita aka juya ta zama ta cika tankin motar mai wa'azi.

Na uku shi ne garkuwar masu mangaza: Yusufu ma ai ya tara hatsi a Masar! Gaskiya ne, ya tara. Amma Farawa sura ta 41 ta nuna ya tara ne da umarnin hukuma, kashi ɗaya cikin biyar na shekarun ƙoshi, a sarari kowa na gani, domin ƙasa ta tsira, ya kuma buɗe rumbunan da yunwa ta zo. Wannan ya fi kama da aikin da aka kafa OPVN domin shi a 1970 fiye da mangazar ɗan kasuwa mai kwaɗo biyu. Sa'an nan mai son fakewa da Yusufu ya daure ya ci gaba har sura ta 47, ya ga yadda Masarawa suka ba da kuɗinsu, suka ba da dabbobinsu, suka ba da gonakinsu, daga ƙarshe suka ba da kansu ga Fir'auna saboda abinci. Littafi ya ba da labarin abin da ya faru. Bai ce ku je ku yi haka ba. Wanda bai iya rarrabe labari da umarni ba, gobe zai auri mata ɗari bakwai ya ce Sulemanu ya bi.

Kada a ce na ƙi jinin kasuwanci. Ajiyar hatsi aiki ne mai amfani. Da babu masu ajiya, da tiya ta gagara samuwa da damana ko da kuɗi a hannu. Mai ajiya yana biyan hayar mangaza da mai gadi da maganin ƙwari, kuɗinsa yana kwance wata da watanni, wata shekarar ma farashi ya faɗi ya tafka asara. Ya cancanci ribarsa, kuma ayar Karin Magana ba ta ce a raba kyauta ba, cewa ta yi a sayar. Iyakar da nake ja a bayyane take. Wanda ya ajiye ya kuma buɗe ƙofa sa'ad da bukata ta zo, ɗan kasuwa ne. Wanda ya ga bukata ta zo ya ƙara kwaɗo, yana ƙidaya kwanaki har yunwa ta nuna, wannan yana cinikin ran mutane. Wanda ya auna da babbar tiya ran saye, ya ɗauko ƙarama ran sayarwa, ɓarawo ne ko da shi ke jan waƙa a majami'a. Wanda kuma ya ba mayunwaci buhu ɗaya don ya karɓi biyu, ko ya riƙe gonarsa yana nomawa shekara da shekaru bashin kuma bai ragu ba, ya karya doka a rubuce.

Wani mai wayo zai ce: ai Maimaitawar Shari'a 23:20 ta yarda a karɓi ruwa daga baƙo, saboda haka in manomin ba mai bi ba ne, babu laifi. Wannan ita ce fassarar da ta fi kowace muni, kuma ita ce za ta fi jawo mana abin da muke tsoro. Firistoci 19:34 ta umarta a ƙaunaci baƙon da ke zaune tare da kai kamar kanka. Da wani masanin Attaura ya nemi Yesu ya shata masa iyakar maƙwabci, a Luka sura ta 10, labarin Basamariye ya samu, mutumin wata kabila da wata aƙida. Balle ma a ƙasar nan wane ne baƙo? Musulmin da ke auna mana hatsi kawunmu ne, ɗan'uwan uwarmu ne, tare muka yi kiwo, tare muke binne matattunmu.

Mu tuna kuma da me aka san mu. Ƴan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, suka kafu a Tsibiri bayan ƴan shekaru. Ana iya yi musu suka a kan abubuwa da dama, an kuma yi. Amma abin da ya sa bakin talakan Gobir da Adar da Katsinar Maraɗi bai yi wa sunan Kirista tofin tsiya ba shi ne asibitin Galmi da aka buɗe a 1950, da wurin jiyyar kutare na Danja, da aikin renon kututturan itatuwa a gonaki da aka fara a Maraɗi cikin shekarun 1980, wanda ya mayar da inuwa da taki a gonakin mutanen da ba su taɓa shiga majami'a ba. Jama'ar da ba ta da yawa, ba ta da sarauta, ba ta da rinjaye a akwatin zaɓe, ba ta da wata dukiya sai sunanta. Iyayenmu sun bar mana suna cewa mai bi ba ya ƙarya, ba ya cin amana. Wannan gado ne ake sayarwa tiya-tiya.

Laifi mafi girma kuwa ba na dattijon ba ne, na mumbari ne. Fastocinmu da yawa talakawa ne, albashinsu daga baiko yake fitowa, baiko kuma daga aljihun mutum biyu ko uku. Na san wuyar tsawata wa hannun da ke ciyar da kai. Amma mun ga an dakatar da yarinya daga cin jibin Ubangiji don ta yi cikin shege, mun ga an tsayar da saurayi gaban jama'a don an ji warin giya a bakinsa. Wa ya taɓa ganin an dakatar da mai falle? Horon ikkilisiya ya zama kamar yanar gizo-gizo, tana kama ƙuda, zangarniya ta ratsa ta wuce. Yesu ya riga ya ba wannan hali suna a Matiyu 23:23, inda ya tsawata wa masu fitar da zakkar ƴan ganyayen miya suna watsi da gaskiya da jinƙai da aminci. Mun iya lissafin zakka, mun manta da Zakka, mai karɓar harajin nan na Yariko a Luka sura ta 19, wanda tubansa ya fito da adadi: rabin dukiyarsa ga matalauta, ninki huɗu ga duk wanda ya cuta. Bayan ya faɗi haka ne aka ce ceto ya sauka gidansa.

Don kada a ce na yi ta faɗa ban kawo magani ba, ga abin da nake nema, kuma babu ɗaya da ke bukatar izinin gwamnati ko kuɗin Turawa. Na ɗaya, a daina wa'azi da aya guda tsirara; duk mai hawa mumbari ya karanta sura, ya faɗi wa aka rubuta wa da dalili, makarantun Littafi Mai Tsarki kuma su ɗauki wannan da muhimmancin da suke ba haddar ayoyi. Na biyu, majalisar dattawan kowace ikkilisiya ta zauna kafin damana ta binciki gonakin da ke jingina tsakanin mutanenta, a lissafa abin da mai riƙo ya riga ya ci, a cire daga bashin, a mayar da gona. Na uku, zakkar hatsi da ake kawowa da kaka kada a sayar da ita duka don sayen amsa-kuwwa da fentin bango. A ware kaso a yi bankin cimaka irin waɗanda ƙauyuka da yawa suka sani, a buɗe shi da damana, buhu a bakin buhu da ɗan abin da zai biya ajiya, ga Kirista da Musulmi ba tare da tambayar addini ba. Ikkilisiyar Antakiya ta yi makamancin haka a zamanin yunwar Kalaudiyas, kamar yadda Ayyukan Manzanni 11:27-30 suka nuna, tun ba ta da gini balle amsa-kuwwa. Na huɗu, wanda aka yi wa gargaɗi ya ƙi, a sauke shi daga kujerar dattijo, a kuma mayar masa da zakkarsa har ya gyara. Ranar da wata ikkilisiya ta mayar wa mai kuɗi da kuɗinsa, ranar ce kasuwa za ta gaskata wa'azinmu.

Ya kai dattijo, in wannan jarida ta kai hannunka, ka san da kai nake, ban kuwa faɗi sunanka ba don ina sa ran gyaruwarka. Kai ka koya mini karatu a makarantar Lahadi, ba zan manta ba. Littafin da ka sa a hannuna shi na buɗe maka yau. Kaka tana tafe, gonar nan tana nan inda take, matar kuma ka san ƙofar gidanta. Ka je da kanka, kada ka aika. In ka dawo ka miƙe ka ba da shaida, ni zan fara cewa Amin.

Allah ya ba mu kunnen ji, ya kuma ba mu damana mai albarka.

Wani mai bi, daga Maraɗi